A daina barin tuta a yayyage

Zuwa ga Edita,

Ina sayar da tutoci a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi. Kasuwarmu ta lokaci ce: ƙarshen watan Satumba, lokacin zaɓe, sai Maulidi. Sauran watanni kuwa sai mu zauna muna kakkaɓe ƙura.

Kwanaki wani ɗan makaranta ya zo sayen ƙaramar tutar Najeriya ta sanda, na tambaye shi ma'anar launukanta, ya ce ai kalar 'yan ƙwallon Super Eagles ce. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Kore yana nuni ne da noma da albarkar ƙasa, fari kuwa zaman lafiya. Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959 yana ɗalibi a Landan, har da jar rana a tsakiya wadda aka cire kafin a ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Mu nan tuta ba baƙuwa ba ce. Tuta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Malam Yakubu na Bauchi, ya ba Buba Yero na Gombe, kuma da ita suka kafa waɗannan masarautu.

Shi ya sa nake jin takaici in na wuce wani ofishi na ga tuta ta koɗe, iska ta yayyage bakinta kamar tsumma. Za a ce ciniki nake nema. To, ko ba a wurina ba, a saya a canza.

Naku,
Mai sayar da tuta, Bauchi