Littafin da Ka Gama, Miƙa Shi Gaba

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu karanta littattafan binciken laifi, irin waɗanda ake tsintar gawa tun a babin farko, a bar ka kana zargin kowa har shafin ƙarshe.

Ni tela ne. Bayan Sallah, in ɗinki ya ja baya, irin waɗannan littattafai ne abokan zamana a shago. Kuma ra'ayina a kansu guda ne: ba na ajiya ba ne. Littafin fiƙihu ko na tarihi a killace shi, domin za a koma masa. Amma labarin da daɗinsa yake ga gano wanda ya yi kisa, ran da ka gano shi ka gama cin moriyarsa. In ka jefa shi akwati ka tura ƙarƙashin gado, gara da kyankyasai ka yi wa tanadi.

Akwai wani da na saya wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Bangonsa ya riga ya tafi, sai na ɗinke gindinsa da zare mai kauri, na yi masa bango da kwali, na lulluɓe da ragowar shadda. Da na gama na ba maƙwabcina mai gyaran waya. Daga hannunsa ya shiga cikin gida wajen matarsa, ita kuma ta ba ƙanwarta mai aikin jinya, wadda ta cinye shi a aikin dare. Da ya dawo mini yana warin man zafi, ga shatin gindin kofin shayi a bayansa, kuma har yau mai gyaran waya yana musu da ni cewa ɗan sandan cikin labarin sa'a kawai ya taka, ba basira ba. Wannan musun ya fi mini littafin daɗi. Wanda ya karanta shi kaɗai, da wa zai yi shi?

Ba mu muka fara ba. Waɗanda suka yi sakandaren kwana a shekarun 1970 da 1980 sun san yadda littattafan James Hadley Chase, Baturen Ingila mai rubuta labaran laifi, suka riƙa zagaya ɗakunan kwana, ana bin layi, wani ma a raba shi biyu don mutum biyu su karanta lokaci guda. Da Hausa ma ba a bar mu a baya ba: a 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Da yawanmu aro muka karanta su. Haka adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, ta hanyar masu ba da haya da matan da ke aiken yara gida-gida a karɓo na biyu a mayar da na ɗaya.

To amma aro yana da ladabi, kuma nan ne ƙorafina yake. Wani bawan Allah da na taɓa ara wa littafi, ya sa biro ya rubuta a gefen shafi, tun labarin bai yi nisa ba: "Direban ne." Allah ya shirye shi. Duk wanda ya karɓa bayansa an ƙwace masa abin da ya zo nema. Wani kuma zai miƙo maka yana cewa, "Ba zan gaya maka komai ba, amma dai ka lura da uwargidan." Malam, ai ka gama gaya mini! Sai kuma masu barin littafi inda yara ke wasa, ya dawo babu ganye biyun ƙarshe. A labarin soyayya mutum na iya ƙiyasta cewa an ɗaura aure. A na kisa fa?

Na san za a ce zamani ya wuce nan, yanzu a waya ake karatu. Gaskiya ne, yaran shagona ma a WhatsApp suke bin labarai, wasu kuma sauraro suke yi a YouTube. Sai dai ban yarda cewa tura littafi a waya daidai yake da miƙa na takarda ba. Na takarda in na ba ka, ya bar hannuna. Guda ɗaya aka saya, guda ɗaya ke yawo, kuma in ya burge wani yakan je ya sayi nasa. Amma marubuciyar da ta ce a biya kafin a shiga zaurenta na WhatsApp, wani ya biya sau ɗaya ya kwashe labarin ya watsa wa jama'a kyauta, wannan ba kyauta ya yi ba, haƙƙin mutane ya ɗauka. Ga shi masu rubuta labarin bincike da Hausa ba su da yawa in aka kwatanta da masu na soyayya, don aiki ne mai cin rai: sai ka san yadda ake shigar da ƙara, da yadda ake ba da beli, da abin da likita ke dubawa a jikin gawa. In ba su ga riba ba, za su koma inda kasuwa take.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata inda masu karatu za su faɗi littafin da suka gama da garin da suke, don a riƙa musaya. Ni dai na riga na kafa katako a saman teburin yanka, na jera nawa. Mai so ya zo ya ɗauka, in yana da wani ya ajiye. Wanda nasa ya yage kuma ya kawo, zan ɗinke masa ba ko kwabo. Sharaɗina kawai, kada a shigo da biro.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tela mai karatu,
Funtuwa, Jihar Katsina.