Wai da gaske mu muka riƙa kallon Master Ninja muna tafi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili, magana ce a kan wani tsohon fim, ba siyasa ba ce. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne yadda sa'o'ina, mu da muka tashi a Jos a shekarun 1980, kullum in an zauna a majalisa sai ka ji ana cewa ai finafinan da su ne finafinai, na yanzu duk shirme ne, musamman in aka zo kan na Hausa sai a yi ta dariyar yadda ake faɗa a ciki, wai naushi bai taɓa mutum ba ya faɗi. To ni dai na koma na sake kallon ɗaya daga cikin waɗanda muke ji da su a lokacin, kuma ina da abin cewa.

Sunansa na asali The Master, tashar NBC ta Amurka ce ta nuna shi a 1984, kashi 13 kacal aka yi aka dakatar da shi. Mu a kaset ɗin bidiyo muka same shi da sunan Master Ninja, kashi biyu-biyu a kaset ɗaya, shi ya sa da yawanmu har yau suna ɗauka fim ne guda ba shirin talabijin ba. Labarin kuwa, wani tsohon sojan Amurka ne mai suna McAllister da ya zauna a Japan har ya zama babban ninja, sai ya ji ashe yana da 'ya a Amurka, ya bar ƙungiyar ya taho nemanta, shi kuma tsohon ɗalibinsa Okasa ya biyo shi zai kashe shi don a ganinsa ya ci amana. A hanya ya haɗu da wani matashi Max Keller mai yawo a wata mota kamar bas da ɗan ɓeransa na kiwo wai shi Henry. Shi ke nan fa. Kowane kashi su shiga wani gari, su tarar da wani azzalumin mai kuɗi yana takura wa talakawa, a yi faɗa, su wuce gaba. 'Yar kuma har aka rufe shirin ba a gan ta ba.

Malam Edita, wanda aka ba wa ninjan nan Lee Van Cleef ne. Duk wanda ya san finafinan kaboyi ya san shi, shi ne mugun nan mai ƙananan idanu a The Good, the Bad and the Ugly na 1966. An haife shi a 1925, wato lokacin da ake ɗaukar shirin nan yana dab da shekara 60, ga sanƙo ga ɗan tumbi, tafiya ma a hankali yake yi. Amma da zarar ya rufe fuska da baƙin ƙyalle sai tumbin ya ɓace, mutum ya koma siriri, ya yi tsalle ya haye rufin gida, ya yi alkafura sau uku a sama, sai kyamara ta matso kusa ka sake ganin idanun tsoho yana haki. Ko yaron da ke aji uku a firamare yanzu zai gane mutum biyu ne. Mu kuwa wallahi ba mu taɓa lura ba, ko kuma mun lura ba mu damu ba. Kamar a ɗauko liman a ce shi ne zai kara da Shago a filin dambe, haka abin yake, kuma muka yarda.

Ina tuna yadda ake kallon. Gidan da ke da bidiyo a layinmu ɗaya ne, falo ya cika har taga, manya a kujera mu a ƙasa, kaset ɗin an yi ta kwafa daga wani zuwa wani har hoton ya koma ruwa-ruwa, in ya fara rawa sai mai gidan ya tashi ya murɗa, in kan bidiyon ya yi datti a buɗe a goge da auduga da turare. Turancin ba ji muke ba, akwai wani yayanmu da ke fassara mana, kuma yanzu da na ji abin da suke faɗa na gane rabin labarin shi ya ƙirƙiro abinsa, nasa ma ya fi daɗi. Washegari kowa ninja ne. A sace baƙin ɗankwalin inna a naɗe fuska, a sami marfin gwangwanin madara a yanka shi da almakashi ya zama tauraro, a yi ta jifan ƙofar gareji da shi. Toka a leda ita ce bam ɗin hayaƙi, ka fasa a ƙasa ka ruga bayan katanga wai ka ɓace. Duwatsun nan namu na Jos kuwa sun sha tsalle, da yawa cikinmu akwai tabo a gwiwa ko a goshi da za su iya nunawa.

In za a yi adalci, akwai abu ɗaya na gaske a shirin, shi ne Sho Kosugi da ya fito a Okasa. Shi ɗan Japan ne kuma ya iya karate da gaske, shi ne na Enter the Ninja na 1981 da Revenge of the Ninja na 1983, waɗanda su suka kunna wutar ninja a duniya kafin American Ninja ya zo a 1985. In ya shigo sai ka ga faɗan ya canza, ƙafa na tafiya inda ya kamata. Matsalar ita ce shi aka mai da bos, don haka dole kullum tsoho ya fi ƙarfinsa, mu kuma muna ihu muna murna.

Wani abin mamaki, mutanen da ke cikin shirmen nan ba su tsaya nan ba. Demi Moore ta fito a kashi na farko tun ba a san ta sosai ba. Shi kuwa Timothy Van Patten, wanda ya fito a Max mai ɓeran nan, wanda ake yawan wurgo shi ta tagar mashaya, daga baya darakta ya zama, ya yi aiki a The Sopranos, kuma shi ya ba da umarnin kashi biyu na farko na Game of Thrones wanda yaranmu ke ta zuzutawa yanzu.

Shi ya sa nake cewa 'yan majalisarmu su sassauta wa yaran Kannywood. Wannan fa Amurka ce, babbar tasha, da kuɗinsu da kayan aikinsu, suka ɗora wa dattijo baƙaƙen kaya suka ce ninja ne, muka biya kuɗin hayar kaset muka kalla har sau ba adadi. In yaro a Kano ko nan Jos ya haɗa faɗa da kyamara ɗaya bai yi kyau ba a gaya masa ya gyara, ya nemo waɗanda suka iya, ga 'yan dambe ga 'yan karate da takwando birjik a gari. Amma kar a ce masa wai na da ba a yin haka. Duk mai musu ya nemi shirin a intanet ya kalli kashi ɗaya kawai, ya sa ido a kan cikin McAllister kafin ya rufe fuska da bayan ya rufe.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Jos