Kafin a raɗa wa jaririya Murjanatu a Saudiyya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Hausawan Makka da Jidda na ƙaunar sunayen Murjanatu da Lu'ulu'a, kuma suna da hujja: Suratur Rahman ta ambaci lu'ulu'u da murjani a aya ta 22, ta kamanta matan Aljanna da yaƙutu da murjani a ta 58. Durra ma, mai ma'anar lu'ulu'u, sunan sahabiya ne. Sai dai a zamanin da, Larabawa kan sa wa bayi maza sunayen Yaƙut da Marjan, don haka iyaye su yi shawara tukuna.

Wurin rajista ake samun cikas. "Tu" ɗin Murjanatu ta'u marbuɗa ce, wato harafin Larabci da kan zo a ƙarshen sunayen mata. In asibiti ya rubuta ta daban, takardar haihuwa kan saɓa da fasfo, iƙama, wato takardar izinin zama, ta tsaya. A rubuta wa ma'aikaci sunan da Larabci, a duba kafin sa hannu.

Wasu iyaye, Makka