Rahoton Ayyukan Shekara: Koya wa Ɗalibai Gane Manufar Rubutun Fasaha

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Aikin da babban taro ya ɗora wa kwamiti a bana shi ne ɗalibin kwalejin fasaha ya iya ɗaukar takarda ya faɗi wanda aka rubuta dominsa, da abin da ake so mutumin ya aikata bayan ya karanta.

Darasin da muka tsara na minti 40 ne. A raba aji huɗu-huɗu, a ba kowane rukuni ledar gishirin ORS (haɗin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa), da shafin kunna janareta daga littafinsa, da babi ɗaya na rahoton SIWES, wato rahoton da ɗalibi ke rubutawa bayan ya je koyon aiki a kamfani. Minti 10 na farko aikinsu jan layi ne kawai a ƙarƙashin kalmomin umarni: zuba, gauraya, kashe, kada.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗalibai na ɗaukar batu a matsayin manufa. In ka tambaye su manufar rubutun ledar ORS, sai su ce bayani ne kan gudawa. To ai wannan batu ne. Manufar ita ce uwa, wataƙila da tsakar dare, ta juye ledar da aka yi don lita ɗaya cikin cikakkiyar lita ta ruwa mai tsabta, domin in ruwan ya gaza, gishirin zai yi wa yaro yawa, sannan ta zubar da ragowar bayan awa 24. Da ɗalibi ya hango wannan uwar, zai gane dalilin gajerun jimloli da zanen kwalba.

A shafin janareta kuwa, mukan mayar da gargaɗin hayaƙi zuwa ƙarshe da gangan. Da kansu suke gano cewa mai bin matakai ya riga ya tayar da inji a cikin ɗaki kafin ya karanta cewa iskar da ke kashewa ba ta da wari.

Rahoton SIWES ne har yanzu bai daidaita ba. Ɗalibai na cika shafuka da tarihin kamfani, alhali mai dubawa so yake ya san injin da suka taɓa da hannunsu da gyaran da suka yi. A ganinmu, matuƙar ana ba da maki kan kaurin rahoto, haka za a ci gaba.

Saboda haka a taro mai zuwa za mu gabatar da sabuwar takardar ba da maki. Kowane memba ya zo da rahotanni biyu da aka goge sunayen masu su, a gwada ta a kansu.