Wasiƙa daga Lafayet: ginin laka a ƙasar ruwa

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara duka. Ka tambaye ni ko Turawan nan sun san ginin ƙasa. Sun sani, kuma shaidar tana nan garin Lafayet a jihar Luwiziyana ta Amurka, a wani ƙauyen tarihi mai suna Vermilionville da aka buɗe a 1990 a bakin rafi, fili mai eka 23. Ana nuna rayuwar yankin ne daga 1765 zuwa 1890. Mutanen da ake kira Kejun jikokin masu jin Faransanci ne da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun 1755, sai suka sauka nan cikin fadama.

Ruwan sama a nan ya haura milimita 1,500 a shekara, don haka laka ba ta ɗaukar nauyin gida. Katakon saifires ne ke ɗauka, itacen fadama da ba ya saurin ruɓewa. Ana ɗora gidan kan ginshiƙai, a bar sarari a ƙasa don ruwa da iska su wuce. Tsakanin kowane dirkoki biyu ana cusa sanduna a gicciye, sama da sama, kamar tsani.

Laka kuwa, suna kiran haɗin busiyaj. Akwai wata ciyawa toka-toka da ke reto daga rassan bishiyoyi. Ba a sa ta ɗanya. Sai an jiƙa ta ko an binne ta har bayanta ya ruɓe ya zube, baƙin zaren ciki ya rage, shi ne mai ƙarfin. A haƙa rami, a zuba yumɓu da ruwa da zaren, a tattake da ƙafa, yadda kuke kwaɓa ƙasa da ciyawa kafin a yi tubali. Daga nan a ɗebo curi, a rataya shi kan sanda ya sauko gefe biyu, a danne a kan na ƙasa, a shafe da hannu. In ya bushe a yi masa farar ƙasa.

Inda ake samun matsala: in ruwa ya yi yawa a kwaɓin, bango ya tsage wajen bushewa, in zare ya yi kaɗan, curin ya sulluɓe daga sanda. Babban maƙiyinsa dai feshin ruwa ne, shi ya sa ake rufe bangon waje da falankai, na gaba kawai ake iya bari saboda rumfar baranda ta kare shi. A ganina wannan rumfar ita ce rabin dabarar. Daga barandar ne ma matakala ke hawa zuwa ɗakin sama inda samarin gida ke kwana a zamanin da.

A ƙauyen kuma akwai maƙera, da masu kaɗi da saƙa da wata auduga mai ruwan ƙasa, da kwalekwalen fito da ake ja da igiya. A ajin makaranta an rubuta a allo cewa ba a yin Faransanci a harabar makaranta, domin dokar jihar ta 1921 ta tilasta karatu da Ingilishi.

In Allah ya kawo ka ziyara, kada mu je ran Litinin, a rufe suke. Sannan a yi hattara da abinci: miyarsu ta gumbo sau da yawa akwai tsiran alade a ciki, ko da an ce ta kaza ce, sai an tambaya.

A gaida Inna da su Yaya. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka