Taki yana komowa gona, zafin rana ba ya komowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina yi muku godiya bisa shafin kimiyya da kuke ware wa 'yan ƙaramar sakandare. Jikata da ke aji biyu ba ta bari jaridar ta huce a hannuna, sai ta fizge ta buɗe wannan shafin.

A fitowar makon jiya kun kawo darasi kan yadda halittu ke cin juna: fara ta ci ciyawa, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare. Zanen ya yi kyau, ba laifi. Sai dai a ƙarƙashinsa an rubuta cewa abinci da makamashi duk zagayawa suke yi, su tafi su dawo. Wannan layin ne ya sa na ɗauki biro, domin na daɗe ina koyar da darasin kafin in yi ritaya, kuma nan ne yara suka fi yin tuntuɓe. Abin da aka gina jikin halitta da shi, wato ruwa da kabon da naitirojin da gishirin ƙasa, shi ne ke zagayawa. Makamashi kuwa hanyarsa ɗaya ce. Daga rana yake shigowa, ganye ya kama shi, ya ratsa cikin dabbobi, ya fice a matsayin zafi. Da yana dawowa, da tsiro bai buƙaci rana ta fito kowace safiya ba.

Da na ga bayanin baki ba ya shigar yarinyar, sai na ja ta bayan gida da sassafe, ana tsakiyar hunturu, wurin da muke tara kashin awaki da ragowar harawa da sharar tsakar gida. Na sa fartanya na buɗe tsibin. Tururi ya taso. Na ce ta cusa hannu, ta cusa tana yatsine fuska, nan take ta zare ta ce, "Kaka, wa ya hura wuta a ciki?" Babu wanda ya hura. Bakteriya da funfuna ne ke cin abin da awaki suka rage, kuma wannan ɗumin shi ne hasken ranar da ganyen wake ya kama da damina, yanzu yake ficewa. Baƙar ƙasar da ta manne mata a farce kuwa gona za ta koma, ta shiga jijiyar gero, baɗi mu ci ta a tuwo. Muna dawowa muka tarar da buzuzu yana mirgina ƙwallon kashin shanu da ƙafafun baya, zai kai rami ya binne. Da shi da gara da tana da ungulu, ba su samu shiga zanenku ba, alhali su ne ke mayar da mushe da kashi da busasshen kara su zama abin da tsiro zai iya sha.

Akwai tambayar da nake so ku yi wa yaran: wannan katafariyar kuka da ke bakin kasuwa, daga ina ta samo jikinta? Kusan kowa zai ce daga ƙasa. A ƙarni na 17 wani likita mai suna Jan Baptist van Helmont, mutumin yankin da ake kira Beljiyam a yau, ya auna busasshiyar ƙasa ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace, ya yi shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya ƙaru da wajen kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne ya zama itace. Ya kusa, amma bai isa ba. Daga baya aka gano cewa ganye yana zuƙar iskar kabon dayoksaid, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana ya yi sukari, ya saki oksijin. Ke nan mafi yawan busasshen itacen da uwar gida ke hurawa a murhu daga iska aka gina shi, kuma iska yake komawa. 'Yar tokar da ta rage ita ce rabon ƙasa.

Batun makamashi kuma yana da lissafi mai sauƙi, wanda wani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya shimfiɗa tushensa a 1942. A ƙiyasce, kashi 10 cikin 100 ne kawai ke haurawa daga mataki zuwa na gaba. In ciyawa ta adana 1,000, fara za ta samu kamar 100, ƙadangare 10, shaho 1. Saura ya tafi a numfashi da tsalle da gudu da ɗumin jiki, wani kuma ya bi kashi. Shi ya sa fara ta cika jeji amma sai ka wuni ba ka ga shaho uku ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne littattafai su riƙa kawo wa ɗan Bahaushe misali da dabbobin da bai taɓa gani ba, bayan ubansa yana aiki da wannan ilimi tun kaka da kakanni. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗora mangala a jaki su kwaso takin juji da toka daga birni zuwa gona, gona kuma ta mayar wa birni hatsi. Bayan girbi a bar shanun Fulani su kwana a gona, su ci kara su bar taki. A shuka wake ko gyaɗa tsakanin gero, saboda 'yan ƙululun da ke jijiyarsu gidan bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma gero ba ya iya ɗibarta da kansa. Sannan ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, daidai lokacin da shuka ke son rana da taki, ya yi kore shar da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Duk wanda ya bi gonakin Damagaram da Maraɗi ya san dalilin da ya sa gero ya fi tsayi a gindinsa.

Idan yaro ya gane wannan, ba sai an yi masa dogon wa'azi kan cinna wa ragowar kara wuta lokacin sharar gona ba. Da kansa zai ga cewa kabon da naitirojin sun bi hayaƙi, gara da tana kuma an ƙone musu abinci.

Roƙona, Malam Edita, ku gyara wancan layin a fitowa ta gaba. In mai zanenku zai sake aikin, ya yi kibau iri biyu: masu zagaye daga ƙasa zuwa tsiro zuwa dabba su koma ƙasa, da kuma miƙaƙƙu da suka taso daga rana suna sirancewa a kowane mataki. Jikata ta ce in gaya muku a saka buzuzu.

Wassalam.

Tsohon malamin kimiyya,
Gezawa, Jihar Kano