Wasiƙa ga Iyaye: Abin da Muke Gani Idan Yara Suka Buɗe Kwanon Abinci

Ya ku iyaye da masu riƙon yaranmu,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku da ɗawainiya, da fatan kowa da iyalinsa suna cikin ƙoshin lafiya.

Bari mu fara da sanarwa, tun kafin wata uwa ta buɗe jakar ɗanta ta ce malamai sun yi sakaci. Daga mako mai zuwa, yaran nazare da na aji ɗaya zuwa uku ba za su ƙara juye ragowar abincinsu a kwandon shara ba. Duk abin da yaro ya rage za a rufe masa ya koma da shi gida. Kada a ɗumama masa ya sake ci, domin abincin da ya wuni a jaka na zubarwa ne. So muke ku gani da idonku abin da ya ci da abin da ya bari.

Ni mai rubuta muku wannan ma abin ya taɓa ci na. Lokacin da babban ɗana yake shekara 5, kullum sai na cika masa kwano taf, na danna da bayan cokali, na ƙara. Kwanon kuma ya dawo tas kamar an wanke. Ina ta jin daɗi, har ina ba ƙawaye shawara, ban taɓa tambayar kaina me ya sa yaron da ya cinye wannan uban abinci yake shigowa gida da kukan yunwa ba. Sai ranar da na je makarantarsu da wuri, na hango shi tsaye a bakin kwandon shara yana kakkaɓe kwanon a tsanake, har yana sa yatsa yana sharce gefe, don kada Mama ta yi faɗa. Ashe loma uku yake yi ya tashi.

Idan aka kaɗa ƙararrawar tara

Abu biyu ne ke gaban yaro a wannan lokacin, abinci da wasa, kuma kowa ya san wanda ransa ya fi so. Kafin a yi layi, a wanke hannu da sabulu, a zauna, a lalubo kwano a ƙasan jaka, rabin hankalinsa ya riga ya tafi fili. Abincin da zai ci a irin wannan hali shi ne wanda ya buɗe ya gani, ya gane shi, ya kai baki ba tare da wahala ba.

Akwai wata 'yar aji ɗaya da malamarta ta lura kullum ita ce ƙarshen fara ci. Da aka duba, ashe murfin kwanonta ne, irin mai maƙalai huɗun nan masu tauri. Ta sa farce, ta sa haƙori, ta danna shi da gwiwa, kunya kuma ta hana ta kiran malama. Kafin ya buɗu ƙawayenta sun gama sun fita, ita ma sai ta mayar da murfin ta bi su. Don haka muna roƙo, duk kwano ko gorar ruwan da kuka saya, ku miƙa wa yaron a gida ya buɗe ya rufe a gabanku. Lemon zaƙi a ɓare masa, ƙwai a ɓare, abin da ke cikin leda mai wuyar yagewa a juye shi a ƙaramin mazubi. Ayaba kuma kada a jefa ta haka nan cikin jaka. Mun sha ciro ta daga ƙarƙashin littafin lissafi ta zama kunu.

Sai maganar yawa. Ku ce ɗanku ya dunƙule hannunsa ku duba, cikinsa bai fi wannan da wani abin kirki ba. Yaron da ya buɗe kwano ya tarar da tudun shinkafa irin na babban mutum, tun kafin ya fara ya karaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku zuba kaɗan. Idan kwanon ya yi mako yana dawowa babu komai, kuma yaron ya ce bai ƙoshi ba, sai a ƙara cokali ɗaya ko biyu.

Me za a zuba?

Ba ma neman abinci mai tsada ko mai ado. A sami abin da zai ba shi ƙarfi, kamar shinkafa, taliya, burodi ko dankali. A haɗa masa da abin gina jiki, ko ƙwai ne, ko wake, ko kifi, ko ɗan nama, ko yogot marar sukari. A sa wani abu daga kayan marmari ko kayan lambu. Sai ruwa. Wanda ya fi yawan ɓacewa a kwanukan da muke gani shi ne na biyu. Burodi zalla ko taliya zalla tana cika ciki nan take, amma ba ta daɗewa, kafin darasi biyu yaron ya fara hamma yana kwantar da kai a kan tebur. Idan da ƙwai ko wake a ciki, narkewar takan ɗauki lokaci, ƙoshin ya kai shi har a tashi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, karatu ma haka yake.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni na kayan marmari da kayan lambu ga yara: aƙalla giram 250 a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 5, giram 350 ga 'yan shekara 6 zuwa 9, daga shekara 10 kuma giram 400 kamar manya. Kada lissafin ya tsorata kowa. Ayaba matsakaiciya guda, idan an ɓare, tana kaiwa giram 100 ko fiye. Ayaba ɗaya da 'yan yankan karas ko kokwamba a kwanon makaranta sun ɗauke wani kaso mai kyau, sauran a cike a gida.

Akwai kuma sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Yaron da ya rasa shi yakan kamu da ƙarancin jini, ya riƙa saurin gajiya, hankalinsa ya kasa tsayawa a kan allo, wani lokaci har a ɗauka lalaci ne. Nama, kifi, wake da ganyaye masu duhun kore duk suna da shi. Na jikin wake da ganye ya fi shiga jiki idan an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemon zaƙi ko tumatir. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana rage shigarsa, shi ya sa ba ma son a haɗa wa yaro shayi da abincin rana.

Lemon kwali da 'yan uwansa

A nan ne za mu ɗan tsaya, don a nan matsalar ta fi yawa. Yaron da ya zo da lemon kwali ko na gwangwani, shi yake fara sha. Ya tsotse shi tas, zaƙin ya kashe masa baki, ruwan ya cika masa ciki, sai ya dubi abincin da kuka tashi tun asuba kuka dafa ya ce ya ƙoshi.

Tun shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in an dawo da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafi. Ɗan itacen da aka ci ɗungurungum da madarar da ba a sa wa komai ba su ne ba sa ciki. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun mayar da wannan zuwa giram: kada ɗan shekara 4 zuwa 6 ya wuce giram 19 a rana, ɗan shekara 7 zuwa 10 kuma giram 24. To gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yakan ɗauki sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali kusan tara. Babu uwar da za ta ɗebi sukari cokali tara ta zuba wa ɗanta a kofi, amma gwangwani ɗaya ya yi wannan aikin, kuma ba a lissafa biskit da alawa ba tukuna.

Haƙora ne ke fara biyan bashin. Ƙwayoyin da ke cikin baki suna cin sukarin su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin bayan haƙori, kuma yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna. Yaron da ke kurɓar lemo kaɗan-kaɗan tun safe har rana bai ba bakinsa hutu ba. Wasu iyayen sukan ce ai haƙoran yarinta ne, za su faɗi. Gaskiya ne guda 20 ɗin za su faɗi, amma wajen shekara 6 turmin farko na dindindin yake fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa da yawa ba sa lura da shi. In ya ruɓe, babu wani a bayansa.

Idan za ku sayi abin da ke cikin leda ko kwali, ku juya bayansa. Ana jera kayan haɗin ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka duk abin da sukari ya zo na farko ko na biyu a jerinsa, alawa ce ko da an zana masa hoton lemo da saniya. Soyayyen dankalin leda da ire-irensa kuma gishiri ne ya yi musu yawa. Ba mu ce yaro ya daina ɗanɗana zaƙi har abada ba. A bar shi a gida, bayan an ci abinci. A makaranta dai ruwa muke so a gorar kowa.

Daga kicin zuwa lokacin ci

Abincin da aka zuba da sassafe yakan yi awanni a jaka kafin a buɗe. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Selshiyos, wasu sukan ninka kansu cikin minti 20, shi ya sa ka'idar da masana suka bayar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi. Ke nan ko dai ya zauna da zafinsa, ko ya zauna da sanyinsa.

In mai zafi ne, kular abinci mai riƙe zafi ake so. A fara cika ta da tafasasshen ruwa, a rufe na 'yan mintuna, a zubar, sannan a zuba abincin yana tururi a rufe nan take. Malamai za su taya ƙanana buɗewa. In mai sanyi ne, kamar yogot ko burodi da kifi, a sa gorar ruwa a firji tun dare ta daskare, a jingina ta da kwanon. Kafin tara ta narke, ga ruwan sanyi, ga abinci bai lalace ba.

Shinkafa tana da nata halin. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta kwana a tukunya a waje, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Yaro ya ci, bayan 'yan awanni a kira ku ana cewa yana amai. Ragowar daren jiya babu laifi a zuba wa yaro, muddin an sa ta a firji da wuri bayan an sauke, da safe kuma aka ɗumama ta har cikinta ya yi zafi sosai. Kwanon kansa a wanke shi kullum, har da robar da ke zagaye da murfin, a bar shi ya bushe a buɗe. Warin da wasu kwanukan ke yi daga wannan robar yake fitowa.

Abu biyu kuma da suka shafi rai. Na farko shaƙewa. Maƙogwaron ƙaramin yaro siriri ne, kuma yaron da abu ya toshe wa hanyar numfashi sau da yawa ba ya iya ko kuka, balle ya kira malama. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Ɗanyen karas a yanka shi siriri a tsaye, kada a yi masa yankan kwabo. Kifi a cire ƙaya da hannu, a sake dubawa. 'Yan ƙasa da shekara 5 kada a ba su gyaɗa ko dangoginta ɗungurungum, haka alawa mai tauri da gugguru.

Na biyu, akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da wani abinci, abin da likitoci ke kira alaji. Gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi da alkama na cikin waɗanda suka fi jawo shi. Wani ƙaiƙayi da borin jini kawai zai yi, wani kuwa leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe cikin mintuna. Mun san kuna koya wa 'ya'yanku kyauta, mu ma muna koya musu, amma saboda wannan dalili ba ma barin musayar abinci a ƙananan azuzuwa. Ku taya mu yi musu bayani, kada su ɗauka rowa muke koya musu.

Iyayen da 'ya'yansu ke da tsirfar cin abinci kuma, ku yi haƙuri. Yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa. Ku fara gwadawa a gida, in ya saba sai ya shiga kwanon makaranta, ɗan kaɗan a gefen abin da ya riga ya sani. Ku ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da ku kuka yarda da su, ayaba ko kankana, domin abin da yaro ya zaɓa da bakinsa ya fi ci. Idan kuma kwanon ya dawo da abinci, don Allah kada a tare shi da faɗa, in ba haka ba zai nemi wani kwandon sharar a hanya. A tambaye shi a hankali: ya yi yawa ne, ya huce ne, ko murfin ne ya ƙi buɗuwa?

Za ku ga wata 'yar takarda a jakar kowane yaro tare da wannan wasiƙa. Wanda ɗansa ke da alaji, ko wata lalura da ta shafi abinci kamar ciwon sukari, ya cike ya dawo da ita ga malamar aji cikin wannan mako, ko da ya taɓa faɗa mana da baki. A rubuta sunan yaro a jikin kwano, da murfi, da gora. Muna da kwali guda cike da murafan da ba mu san masu su ba. Wanda kuma wani hali ya sa haɗa abincin ke yi masa wuya a 'yan kwanakin nan, ya same ni a ofis bayan an tashi, maganar ba za ta wuce tsakaninmu ba.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Taku,
Shugabar makaranta,
a madadin malaman nazare da ƙananan azuzuwa